Cikon da Ya Riƙa Faɗuwa, da Sunan Yaya Ashiru

Shekara shida ke nan da aka fita da gawar yayana, Dakta Ashiru, daga gidanmu na Dutse Uku a Jos. Duk shekara idan watan ya zagayo mukan taru, a yi addu'a, a raba waina sadaka, kowa ya faɗi abin da ya tuna. Wani ya ce mai zumunci ne, wani ya ce bai iya faɗa ba, wata ta tuna yadda yake cika kofin shayi da sukari alhali shi ne mai hana yara alewa. Daga nan sai a yi tsit, daidai inda ya kamata a ambaci aikinsa. Ko a cikin gidanmu ba mai buɗe baki ya ce Ashiru ƙwararren likitan haƙori ne. Ni ce Bilkisu, ƙanwarsa, kuma nas ɗin da ta tsaya a gefen kujerarsa shekara huɗu tana miƙa masa kayan aiki. Bana na ɗauki alƙalami ne don in wanke sunansa, domin ni kaɗai na san inda dattin ya fito.

Watan jiya na shiga tasi daga Taminus. Wani fasinja yana mitar makanikensa, wai duk gyaran da ya yi masa ba ya kwana biyu, sai direban ya kwashe da dariya ya ce, "A'a, ka haɗu da Dakta Sai-ka-dawo ke nan." Mota duka aka yi dariya. Direban nan yaro ne ƙarami a kaina, na tabbata bai taɓa ganin Yaya ba, bai ma san akwai mutum a bayan sunan ba. Ya tsince shi ne a bakin gari kamar yadda ake tsintar kowace magana. Na sauka tun kafin mu kai unguwarmu, na ƙarasa da ƙafa.

Mahaifinmu kafinta ne a Katako. A cikin ƙamshin katako da gam muka tashi, kuma daga wurinsa Yaya ya gaji tsantsenin da ke sa mutum ya ji kamar ya ƙwace aikin daga hannunsa. Abin da wani likita zai gama kafin shayi ya huce, shi sai ya duba, ya sake dubawa, ya ce ka cije, ya ce ka buɗe, ya sake cewa ka cije. Da ya gama karatu ya yi 'yan shekaru a asibitin gwamnati, sannan wani ɗan kasuwa ya buɗe asibitin kuɗi a hanyar Daɗin Kowa ya ba shi ɓangaren haƙori. Shi ya je da kansa ya roƙa aka ɗauke ni, ina fitowa daga makarantar koyon aikin lafiya.

A lokacin farin ciko bai daɗe da shigowa garin nan ba. Abin da mutane suka sani shi ne baƙin cikon nan mai kama da dalma, wanda ake haƙa rami a danna shi ciki, ko kuma a fizge haƙorin kowa ya huta. Yaya na cikin waɗanda suka fara yin farin, mai launin haƙori, wanda ake liƙawa da gam a haska masa shuɗiyar fitila ya daskare. Kuma Jos na da ciwon da ya dace da shi. Mutanenmu sun ɗauka tsabtar baki ƙarfi ce: a sami buroshi mai tauri ko asuwaki, a haɗa da gawayi ko toka, a yi ta dirza kamar ana wanke gindin tukunya. Shekara da shekaru sai wuyan haƙorin, wajen da ya haɗu da dasashi, ya cinye ya yi kwari. Farin ɓawon da ke sama ya tafi, abin da ke ƙarƙashinsa ya fito fili. Shi muke kira dantin a wurin aiki, kuma cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda suka nufi jijiya. Sai ka haɗa wannan da ruwan famfon Jos da asuba a watan sanyi. Na ga dattijo mai furfura yana hawaye saboda kurkurar baki a alwala.

Irin wannan kwarin ba a haƙa shi. Ba abin da zai riƙe ciko a wurin sai gam. Yaya yakan wanke wurin da wani ɗan ruwa mai tsami don ƙofofin su buɗe, gam ya shige su ya kama, sannan ya ɗora cikon. Yana son yi wa marasa lafiya bayani ko ba su tambaya ba. "Kamar aikin Baba ne," yakan ce. "Katako sai an goge shi ya buɗe kafin ya sha gam. Ka taɓa ganin kafinta ya shafa banish sannan ya liƙa?" Na ji wannan maganar har na haddace, ina murguɗa baki a bayan takunkumina idan ya fara.

Wata rana wakilin wani kamfanin magani ya zo da kwali guda na ƙananan kwalabe, kyauta, wai a gwada. Ruwa ne garau, ba launi. Ya ce ana shafa shi a kan dantin ɗin da ya fito, sai ya mayar masa da sinadaran da ya rasa, ya ƙarfafa shi, ya toshe ƙofofin, zugi ya tsaya nan take. Yaya ya karanta takardar da ke ciki tun daga sama har ƙasa, ya juya bayanta. Bayan mutumin ya fita ya ce da ni, "Bilki, sa shi a kabad. Abu ne mai kyau ga wanda ba za a yi wa ciko ba. Amma shi toshe ƙofofi yake yi, gam ɗina kuma ƙofofin yake nema. Kada a taɓa shi sai na bincika na gane yadda za su zauna tare." Na ce to, na sa a kabad.

Tsarin aikinmu shi ne, ranar farko ni ke yankar kati, in duba baki, in wanke, Yaya ya leƙo ya gani ya ba da rana. Sai bayan kwana uku ko huɗu a dawo a yi cikon. A cikin kwanakin jiran nan mutum yana gida yana shan azaba. Wadda na fara shafa wa maganin wata tsohuwa ce daga unguwarmu, ƙawar mahaifiyarmu. Ta riƙe kumatu ta ce, "'Yar nan, ba abin da za ki ba ni kafin Alhamis? Ko kunu ba na iya sha." Yaya yana ɗaya ɗakin da wani. Na buɗe kabad, na tsoma auduga, na shafa mata. Na ba ta ruwan sanyi ta kurɓa. Ta zaro ido, ta sake kurɓa, ta kama hannuna ta yi ta sa mini albarka har kunya ta kama ni.

Da tausayi na fara, wannan gaskiya ne, kuma shekara shida ina ɓuya a bayansa. Amma ba tausayi ne ya sa na ci gaba ba. Labari ya bazu cikin mata cewa ƙanwar Dakta tana da hannu mai sanyi, da ta taɓa ka ciwo ya kwanta. A gidan biki a nuna ni. Wata ta kawo mini acca, wata dankalin Turawa daga gonarsu, wani dattijo ya riƙa kirana ƙaramar likita. Ni da na tashi a inuwar Ashiru, ɗan da ya yi karatu, wanda ake faɗin sunansa kafin nawa a ko'ina, sai ga shi yau ana tambayata ni. Kaina ya kumbura. Nakan gaya musu cewa cikin wankin baki ne, don haka ba wanda ya ga abin faɗa wa likita. Shi kuwa idan ya ji ana yabona sai ya yi murmushi, ya ɗauka lallashin da na iya ne. Maganin ba ya barin alamar da ido zai gani, balle bayan kwana uku.

Sai ciko ya fara faɗuwa. Wani bayan wata guda, wani bayan mako biyu. Mutum ya dawo da ɗan farin abu a ƙulle cikin takarda ko a bakin zani. Yaya ya ba da haƙuri ya sake yi, wani ya zauna, wani ya sake fita. Wanda ya ƙarasa mu shi ne Alhaji Ɗanlami, babban dillalin katako, abokin mahaifinmu. An yi masa guda huɗu a gaba, kuma ni na shafa masa maganin da hannuna saboda girmamawa. Yana cin tsire a rumfarsa cikin jama'a, sai guda biyu suka fito tare. Washegari ya shigo asibiti ba ko sallama, ya zube su a kan tebur.

"Ashiru, ni za ka yi wa aikin 'yan koyo? Ubanka kujera ya haɗa mini tun kana goyo, har yau ina zama a kanta. Kai haƙori huɗu sun gagare ka?"

Yaya ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Alhaji, a yi haƙuri, a dawo gobe in gyara."

"Sai ka dawo, sai ka dawo! Kullum sai ka dawo!"

A gaban masu jira ya faɗa. Kafin mako ya zagayo sunan ya gama Katako, daga can ya shiga tasha, daga tasha ya shiga gari. Ranar da ya faɗa ina tsaye a wurin riƙe da tire.

Abin da har yau yake hana ni sukuni shi ne yadda ya nemi dalilin. Ya zubar da gam ɗin da muke da shi ya sa aka kawo sabo daga Legas. Ya zargi fitilar, ya ce ƙila wutar janareta ba ta ba ta ƙarfi, ya ari ta wani abokinsa. Ya zargi iskar da muke busar da haƙori da ita, ya kwance injin da kansa ya duba ko mai yana biyowa. Ya ƙara lokacin wankin tsamin, ya rage. Ya riƙa karɓar haƙoran da aka cire yana yi musu ciko a kan tebur, yana ƙoƙarin ɓamɓare shi da ƙarfe, kuma ba ya fita. A kan tebur aikinsa daram, a bakin mutane ya zube. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ni kuwa ina gaya wa kaina cewa ai ba tabbas, ƙila ba maganin ba ne, tunda wasu da na shafa wa nasu bai faɗi ba.

Akwai wata tsohuwar malamar firamare daga Daɗin Kowa, Ngo Kaneng, da ta zo a duba ta bayan wata shida. Nata guda uku suna nan kamar ranar da aka sa. Yaya ya yi ta kallonsu kamar ya ga ɗan'uwan da ya ɓata. Ya tambaye ta me take ci, da me take goge baki, ko akwai abin da ta yi daban. Ta yi dariya ta ce, "Dokita, ni ba na yi komai. Ko wannan sista ya ce zai shafa mini magani ranar farko, na ce no, my daughter, baki na Dokita kaɗai zai taɓa." Ta faɗa ne cikin raha, tana neman jakarta. 

Bayan ta fita ya rufe ƙofa. Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗagawa ba.

"Bilki, wane magani take nufi? Kin taɓa kwalaben nan na kabad?"

"A'a, Yaya. Ruwan kurkure baki take nufi."

"Kin tabbata? Ba faɗa zan yi ba. Idan shi ne, wallahi daɗi zan ji."

"Na tabbata, Yaya."

Kabad ɗin yana bayansa, taku biyu. Da ya buɗe da ya ga rabin kwalin babu. Bai ko waiwaya ba. Mutumin da ya kwance inji don bai yarda da shi ba, ya yarda da maganata ba tare da ya duba ba, saboda ni ƙanwarsa ce. Ya zauna a kujerar marasa lafiya, sannan ya ce, "To, ba gam ba ne, ba fitila ba, ba iska ba, ba magani ba. Saura hannuna ke nan."

Daga ranar ban sake taɓa kwalbar ba. Na ɗauka shi ke nan, ciko zai daina faɗuwa, suna ya dawo, ba wanda zai sani. Ban san shi ma a makon ya yanke nasa hukuncin ba. Ya ce ba zai ƙara sa wa ɗan'adam farin ciko ba tunda bai san abin da yake ɓatawa ba. Mai asibitin, wanda a da yake gabatar da shi ga baƙi yana "awa Dakta, awa Dakta", wato likitanmu, ya kira shi ofis ya ce, "Dakta, mutane na komplen, sunan wurin nan ake ɓatawa." Yaya bai jira a ƙarasa ba, ya ajiye aiki. Ya sami gurbi a wani ƙaramin asibitin ƙauye a bayan gari, inda ba fitila ba gam, aikin kawai cire haƙori. Mutumin da burinsa a duniya ya hana a cire haƙorin da zai gyaru, ya ƙare yana fizge su daga safe har azahar. Shekara ɗaya da 'yan watanni ya yi a haka, hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, bai yi mako biyu ba ya cika. Ajali ne, na sani, ba na cewa ni na kashe shi. Amma ya tafi yana ganin bai iya aikinsa ba, kuma wannan ni na yi masa.

Ina yawan tunanin me zai ce da ya ga Jos ta yau. Farin ciko ya zama ruwan dare, kowane lungu da allon asibitin haƙori mai hoton Baturiya tana murmushi. Magungunan ƙarfafa haƙori sun cika kanti, har a kemis ana sayarwa. Bara aka tura ni wani taron ƙara wa juna sani, wata malama ta tsaya tana bayani a kan daidai abin da ya hana shi barci. Ta ce har yanzu masana ba su gama daidaita baki ba: wani maganin ba ya hana gam kamawa, wani ma yana taimakawa idan an ba shi lokaci, wani kuwa yana toshe ƙofofin ya taurare saman dantin har ruwan tsamin ya kasa buɗe shi yadda ya kamata. Ta ce abin da ba a jayayya a kai shi ne, dole likita ya san abin da aka shafa wa haƙori kafin ya liƙa, domin idan ya sani akwai yadda zai yi. Kowa yana rubutawa. Ni ban rubuta komai ba. Da yana nan da ya cika ta da tambayoyi har ta gaji, da ya dawo gida yana murna kamar yaro. Abin da zai ɓata masa rai dabam ne: yanzu irin su Ngo Kaneng ba sa tsallakowa unguwarmu, mu ma ba ma zuwa tasu, kowa sai ya tambayi addinin likita kafin ya buɗe masa baki.

Ina da haushin mutane da yawa, ba zan ɓoye ba. Ina da haushin Alhaji Ɗanlami, wanda ya zo gaisuwa ya zauna a sahun gaba yana cewa yaron kirki ne. Ina da haushin abokan aikinsa likitoci, da ba wanda ya taka ya zo ya ce mu duba tare, sai dai su karɓe marasa lafiyarsa suna girgiza kai. Ina da haushin garin nan da ke iya ɗaukar shekarun karatun mutum da gumin ubansa ya mayar da su abin dariya a tasi. Amma duk cikinsu ba wanda Yaya ya rufe ƙofa ya tambaya. Su abin da suka gani suka faɗa.

Makon jiya na je wurin matarsa, Anti Rabi. Tana tsintar shinkafa a tsakar gida. Na durƙusa na faɗa mata komai, tun daga tsohuwar nan har zuwa kabad. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ture tiren gefe, ta shiga ɗaki, ta fito da takarda guda. Ni dai na san bayan ya bar aiki wani abokinsa ya kira ni ya ba ni gurbi a asibitinsa, inda nake har yau, kuma na ɗauka farin jinina ne ya kai ni. Takardar kwafin wasiƙar da Yaya ya rubuta wa abokin ne, da rubutunsa mai kwanciya gefe. Ya ce duk abin da aka ji game da aikinsa laifinsa ne shi kaɗai, kada a haɗa da Bilkisu. Ya ce shekara huɗu suna aiki tare, ba ta taɓa yin abin da ya hana ta ba, ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Anti Rabi ta bar ni na karanta har ƙarshe, sannan ta karɓe abinta ta ninke. Ta ce, "Ni ba ni da abin da zan yafe miki, Bilki, ba ni kika yi wa ba. Shi kuma ba ya nan. Amma 'ya'yansa suna jin sunan nan a makaranta."

Abin da ya rage na Ashiru bai da yawa. Kayan aikinsa suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, asibitin ya zama shagon sayar da tayil. Akwai 'ya'ya uku, akwai haƙoran da ya ceto a bakunan mutanen da ba su ma tuna wa ya yi musu ba, sai kuma sunan da aka liƙa masa, wanda shi kam ya kama. Ban san ko shafi ɗaya na jarida zai iya ɓamɓare shi ba. Gobe da safe zan ajiye wannan rubutun a teburin maigidana na wurin aiki kafin ya gani a wurin mai jarida, ya yi yadda ya ga dama da aikin da wasiƙar Yaya ta samo mini.

Ku kuma mutanen Katako, da na Dutse Uku, da na Daɗin Kowa, duk wanda ya taɓa dawowa asibitin nan da cikonsa a ƙulle cikin takarda: likitanku ya iya aikinsa. Ya hana a shafa maganin, ni na shafa. Ya tambaye ni, na ce ban taɓa ba. Idan dole sai kun yi dariya da sunan wani a tasi, sunana Bilkisu, ina nan da raina, zan iya ji. Shi ku bar shi ya kwanta. Allah Ya jiƙan Yaya Ashiru.